DARASI NA 11: RAWANIN SORO

Nawayar mai bi game da dokar rigakafi

Karatu: Kubawar Shari'a 22:1-8, Fitowa 21:28-36, Matta 4:5-7, Romawa 13:1-10.
Ayar haddacewa: Kubawar Shari'a 22:8.

Ga mai jan aji: Ba mu rubuta ayoyin cikin wannan takarda ba, domin muna so kowa ya buɗe nasa Littafi ya gani da idonsa. A sa mutum huɗu su karanta wuraren nan da ƙarfi kafin a fara. Masu riƙe da sabon juyi za su tarar da Kubawar Shari'a da sunan Maimaitawar Shari'a, Matta kuma Matiyu. Darasin yana da tsawo. In rana ta yi, a raba shi Lahadi biyu.

Kowa a Maiduguri ya san ranar rigakafi. Tun da sassafe za ka ga mata biyu ko uku tafe, ɗaya rataye da akwatin sanyi, ɗaya riƙe da alli da takarda, suna bi gida gida a Wulari, da Gwange, da Bulumkutu, suna sallama. Inda aka buɗe musu, su kan ɗiga wa kowane yaro da bai kai shekara biyar ba ɗigo biyu a baki, su shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a bango, su wuce. Akwai kuwa gidajen da a kan ji motsin yara a ciki, amma a leƙo a ce yaran sun tafi ƙauye. Da muna iya cewa babu gidan mai bi cikin irin waɗannan, da mun yi murna. Amma ba mu iya ba.

In ka tambayi maigidan, ba ya rasa amsa. 'Ya'yana ne, in ji shi, gida kuma nawa ne. Abin da zai shiga bakinsu ni ke da iko da shi, ba gwamnati ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, saboda haka ba za mu ɗauke ta da wasa ba. Za mu kai ta gaban wata ƙaramar doka cikin Attaura, wadda ba safai a kan yi wa'azi a kanta ba.

GIDAN NAKA NE, AMMA WA ZAI FĀƊI?

Gidajen ƙasar Isra'ila soraye ne masu shimfiɗaɗɗen rufi, kamar na birnin Kano da Zariya, da irin waɗanda dattawan Yerwa suka tashi a cikinsu. A wurin mutanen Isra'ila kan soro ɗaki ne na ƙari. Can Rahab ta shanya ramarta, ta ɓoye 'yan leƙen asirin ƙasa a ƙarƙashinta (Joshuwa 2:6). Can Sama'ila ya yi hira da Saul (1 Sama'ila 9:25). Can kuma Bitrus ya hau yin addu'a a Yafa (Ayyukan Manzanni 10:9). Wanda ya san zafin watan Afrilu a Borno ba ya bukatar a gaya masa abin da ke fid da mutane daga ɗaki da dare.

To, dokar ta umarci wanda ya gina sabon gida ya kewaye bakin rufin da ɗan gajeren gini, don kada wani ya fāɗo ya mutu, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Kalmar da aka kira ginin nan da ita a Ibrananci, watau ma'aƙe, a wannan aya kaɗai ta fito cikin dukan Tsohon Alkawari. Mu da mu ke aikin juya Littafi mun sha fama da irin waɗannan kalmomi marasa 'yan'uwa, amma wannan ba ta wahalshe mu ba, gama maginan Hausa sun riga sun raɗa wa abin suna tun da daɗewa: rawanin soro. Daga baya malaman Yahudawa suka ƙayyade tsayinsa, suka ce kada ya gaza tafin hannu goma, watau ɗan ƙasa da kamu biyu.

Sai mu lura da wanda aka yi rawanin dominsa. Maigida ya san soronsa. Shi ya gina shi, ya san inda bakinsa ya ke, yana iya zagaya shi cikin duhu bai yi tuntuɓe ba. Da don kansa ne kaɗai, da sai ya ce ɓarnar laka ce da kuɗin magini. Rawanin na baƙo ne wanda ya sauka jiya, da ɗan maƙwabci mai rarrafe, da tsohuwa wadda idonta ya dushe, da bara wanda ya tashi cikin magagin barci. Allah bai yi wa mutumin nan gardama a kan cewa gidan nasa ne ba. Domin nasa ne ma aka ɗora masa nawayar. Da na wani ne, da wani aka tambaya.

Sai mu lura kuma da lokacin. Ran gini a ke ja rawani, tun ba wanda ya fāɗi. Shari'ar ba ta ce a jira a ga ko soron mai ka da mutane ne ba. Mai yiwuwa ne a yi shekara arba'in ba wanda ya ko kusanci bakin rufin, maigida ya tsufa yana ganin kamar aikin banza ya yi. Haka rigakafi ya ke a ko'ina: in ya yi aikinsa ba ka ganin kome, sai yaro lafiyayye yana wasa a tsakar gida.

Abu mai nauyi duka shi ne maganar jini. Mutumin nan bai tura kowa ba. Bai ƙi kowa a ransa ba. Watakila ma yana gona sa'ad da abin ya faru. Duk da haka Allah ya lasafta masa jinin, domin akwai abin da ya san ya kamata ya yi, ya bari. Ku duba ayoyi huɗu na farkon surar: an hana Ba'isra'ile ya ga san ɗan'uwansa ya ɓace, ko jakinsa ya fāɗi a hanya, ya yi kamar bai gani ba. Fitowa 21 ta ƙara fayyace al'amarin. In sa ya soke mutum ba zato, mai san ya kuɓuta. In kuwa san ya saba tunkuyi, an kuma riga an faɗakar da mai shi, bai tsare shi ba, to, shari'a ta koma kansa. Bambancin mutanen nan biyu sani ne. Wanda aka faɗa wa ba ɗaya ya ke da wanda ba a faɗa wa ba, mu kuwa, 'yan'uwa, an faɗa mana.

YADDA CUTA TA KE TAFIYA

Wani zai ce, ina ruwan soro da allura? Sai mu dubi yadda cuta biyu su ke tafiya.

Hausawa suka kira ta farko shan inna, domin mutanen da sun ɗauka wata iska ce mai suna Inna ta ke shanye ƙafar yaro. Yanzu an san ƙwayar cuta ce, tana zama a hanjin yaro, tana fita cikin bayan gida, tana shiga bakin wani ta hannu marar wanki, ko ruwa, ko abinci. Abin mamaki game da ita shi ne, cikin yara wajen 200 da ta kama, ɗaya ne ta kan shanye. Yawancin sauran ba su ko kwanta. Suna ci, suna wasa, suna zuwa makarantar Lahadi, suna ɗauke da ita ba wanda ya sani. Saboda haka uban da ya ce, ai 'ya'yana lafiya lau su ke, yana iya faɗin gaskiya, alhali kuwa daga gidansa ƙwayar ta ƙetare katanga ta gurgunta ɗiyar maƙwabci. Ba kuwa magani da ke mayar da ƙafar da ta shanye.

Ƙyanda ta fi haka sauri, gama ta iska ta ke bi. Yaro ɗaya mai ita, in ya shiga cikin marasa rigakafi, ya kan harbi goma sha biyu, har zuwa goma sha takwas. Likitoci sun lasafta cewa sai an yi wa wajen 95 cikin 100 rigakafi kafin ta rasa hanyar wucewa cikin gari. A ƙasar nan jariri ya kan karɓi allurar ƙyanda ta fari yana da wata tara. Ku yi tunanin taron zumuntar mata, da jariran da ke goye a bayan iyayensu, 'yan wata uku, 'yan wata biyar. Ba su isa allura ba tukuna. Uwarsu ba ta ƙi kome ba. Abin da ke tsare su shi ne rigakafin yaran da ke zaune kusa da su a benci. Su ne baƙin da ke tafiya a kan soronka cikin duhu.

MU FARA DA GIDANMU

In aka ta da zancen ƙin rigakafi a Arewa, masu bi su kan yi saurin nuna yatsa wajen maƙwabtansu Musulmi. Kafin mu yi haka, ga wani labari daga cikin gida.

A shekarar 1967 agana ta ɓulla a garin Abakaliki, can gabashin ƙasar nan. Yawancin mutanen garin an riga an yi musu lamba. Amma akwai wata ƙungiyar masu kiran sunan Kristi, Faith Tabernacle, waɗanda koyarwarsu ta hana lamba da kowane irin magani, suna cewa bangaskiya ta isa. Mutum 32 suka kamu, 30 daga cikinsu 'yan ƙungiyar nan ne, waɗansu kuwa suka mutu. Ba mu shakkar cewa sun yi addu'a da zuciya ɗaya.

'Yan watanni kafin wannan, a Disamba 1966, wani likitan mishan mai suna William Foege, wanda ke aiki a Yahe cikin lardin Ogoja, ya sami labarin agana a wani ƙauye, ga shi maganin lamba da ke hannu bai isa kowa ba. Sai ya yi magana da 'yan mishan na yankin ta rediyonsu, aka aika manzanni ƙauye ƙauye su nemo inda masu ciwon su ke, aka yi lamba ga mutanen da ke kewaye da su, da na wuraren da a ke tsammani cutar za ta nufa. Cutar ta tsaya. Dabarar nan ta zama babbar hanyar da aka bi har aka kau da agana daga duniya, aka yi shelar haka a 1980. Yaran yau ba su san zanzanar agana a fuska ba. Su tambayi kakanninsu. Ƙasa ɗaya, kusan shekara ɗaya, jama'a biyu masu riƙe da Littafi ɗaya. Wace ce a cikinsu ta ja rawani?

Masu cewa allura rashin bangaskiya ce, su sake karanta Matta 4:5-7. Shaiɗan ya kai Ubangijinmu kan tsororuwar Haikali, wuri mai tsawo marar rawani, ya ce ya dira, har ya jawo masa aya daga Zabura don ƙarfafa maganarsa. Ubangiji ya ƙi, ya kira abin da sunansa, watau gwada Allah. Dogara ga Allah daban, jefa kai cikin hatsari domin a tilasta masa ya yi al'ajibi daban. Wanda ya dira da kansa ma ya yi laifi, balle wanda ya jefa yaro, wanda ba a tambaye shi ba.

Ba kuwa daidai ba ne a ce wannan hikima ta Turawa ce kaɗai. A birnin Boston na Amurka, wani bawa ɗan Afirka da a ke kira Onesimus shi ya koya wa ubangidansa, fasto Cotton Mather, yadda mutanen ƙasarsu su ke tsaga fata su sa ɗan ruwan agana, mutum ya yi ciwo kaɗan ya tsira daga babba. Da annoba ta zo a 1721 aka gwada. Cikin waɗanda agana ta kama haka kawai, wajen ɗaya cikin bakwai ya mutu. Cikin waɗanda aka tsaga, wajen ɗaya cikin arba'in. Mutanen garin, masu zuwa sujada ne kuwa, suka fusata har wani ya jefa wa faston nakiya ta taga. Wannan ya faru shekara 75 kafin Edward Jenner ya fito da lamba a Ingila a 1796.

WANDA MACIJI YA SARA

Tsoron mutanen Arewa yana da tushe, kada kowa ya yi musu dariya. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da kamfanin ya daidaita da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba allurar rigakafi ba ne, maganin warkarwa ne, amma talaka ba ya rarrabe wannan, ba mu kuwa ga laifinsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mu da muka zo daga ƙetare ba mu da bakin yi wa kowa gori a nan.

Amma ku ga inda gudun ya kai. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an garwaya ɗigon shan inna da maganin hana haihuwa. Jihohin Kano, da Zamfara, da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Kano ba ta koma ba sai a Yuli 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. A 2002 yara 202 ne cutar ta shanye a Nijeriya. A 2006 sun haura 1,000. Ƙwayar ta tashi daga nan ta shiga ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. 'Yan matan da suka sha ɗigon a shekarun nan kuwa, yanzu da yawa cikinsu suna goye da nasu 'ya'ya. Daga baya sarakunan Arewa, da Sarkin Musulmi a gabansu, suka ɗauki aikin a kafaɗarsu, suna ɗiga wa yara a bainar jama'a. Waɗansu ma'aikata suka biya da ransu: a Fabrairu 2013 aka harbe masu rigakafi tara a Kano, yawancinsu mata.

Sa'an nan zancen ya iso ƙofarmu. Nijeriya ta yi shekara biyu ba a ga shan inna ba, har an fara murna, sai a Agusta 2016 aka sami yara biyu da ta shanye, ɗaya a Gwoza, ɗaya a Jere, nan bakin Maiduguri. Kafin shekara ta ƙare suka zama huɗu, duka a Borno. Da aka bincika ƙwayar aka gane ta yi wajen shekara biyar tana yawo a ɓoye, cikin garuruwan da Boko Haram ta tsare, inda mai akwatin sanyi ba shi da halin shiga. Da yawa cikin masu karanta wannan darasi daga garuruwan nan suka gudo, sun fi mu sanin yadda zaman ya ke. Iyayen da ke can ba a ba su zaɓi ba. Ba wanda ya yi musu sallama da ɗigo a hannu. Mu da a ke biyo mu har ƙofar ɗaki, kyauta, me za mu ce musu in mun rufe ƙofa? Waɗannan huɗu su ne na ƙarshe, a ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida cewa yankin Afirka ya rabu da asalin ƙwayar.

Wani zai tambaya, in haka ne, don me matan nan ba su daina zuwa ba? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa ba abin ɓoyewa ba ne. Ɗigon da a ke ba yara ƙwayar cutar ce da aka raunana. Inda yawancin yara suka sha, ba ta samun mazauni, sai ta mutu. Inda kaɗan ne suka sha, tana iya bi daga marar rigakafi zuwa marar rigakafi wata da watanni, har ta sake yin ƙarfi ta shanye ƙafa. Fiye da yara 400 irin wannan ta shanye a Nijeriya a 2021. Rawanin da aka ja gefe uku aka bar na huɗu, ta nan a kan fāɗi.

Akwai kuma masu cewa, gwamnati ta bar mu ba ruwa, ba maganin zazzaɓi a asibiti, sai ɗigo kaɗai ta sani. Ba za mu karɓa ba sai ta gyara. Kukan gaskiya ne, dattawan ekklesiya ma ya kamata su kai shi inda ya dace, su yi ta kaiwa. Amma ba a ba da ƙafar yaro jingina domin rijiyar burtsatse.

IKON MASU MULKI, DA IYAKARSA

Sai yanzu muka zo kan dokar gwamnati, da gangan kuwa muka bar ta a baya, gama nawayar mai bi ta girme ta. Ko da ba a taɓa rubuta doka ba, Kubawar Shari'a 22:8 tana nan. Dokokin kuwa akwai su. Dattawa suna tuna zamanin En'e, da duba-gari da masu lamba. Dokar 'yancin yara ta tarayya, ta 2003, a sashe na 13, ta wajabta wa mai riƙon yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ya kai shi a yi masa cikakken rigakafi, da tara a kan wanda ya ƙi. Matafiyi ya san katin shawara da a ke nema a kan iyaka. Lokacin korona kuma, daga 1 ga Disamba 2021, gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikatanta su nuna shaidar allura, ko shaidar gwajin da ya nuna ba su da cutar, kafin su shiga ofis.

Bulus ya rubuta Romawa 13 a zamanin Kaisar Nero, ga mutanen da ba su zaɓi mai mulkinsu ba. Duk da haka ya kira mai mulki ma'aikacin Allah domin amfanin jama'a. A aya ta 5 ya ba da dalili biyu na biyayya, tsoron horo da lamiri, na biyun kuwa shi ne na mai bi. Ku lura kuma inda ya kai maganar a aya ta 8 zuwa 10: ya gangaro daga haraji da ladabi ya sauka a kan bashin ƙauna, wadda ba ta cutar maƙwabci. Watau a wurin Bulus doka mai kyau tana faɗa da ƙarfi ne abin da ƙauna ta riga ta faɗa a hankali.

Biyayyar tana da iyaka. Ungozomomin Ibraniyawa sun ƙi umarnin Fir'auna na kashe jarirai (Fitowa 1:15-21). Abokan Daniyel sun ƙi yi wa gunki sujada (Daniyel 3). Manzanni sun ƙi yin shiru da bishara (Ayyukan Manzanni 5:29). A kowane wuri, abin da aka umarta zunubi ne, ko abin da aka hana umarnin Allah ne. Sai mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah: wane zunubi na ke yi in na bar ɗana ya sha ɗigo biyu? Ungozomomin nan sun ƙi sarki ne don yara su rayu. Masu cewa allura ita ce alamar bisan nan na Ru'ya ta Yohanna 13, su karanta surar duka. Alamar tana tafe da sujada ga bisan. Shaidar mubaya'a ce ta wanda ya san abin da ya ke yi. Ba a ɗiga wa jariri ridda a baki.

Mai bi yana da ikon tambaya. Bulus da kansa ya tsai da jarumin da ke shirin yi masa bulala, ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasa (Ayyukan Manzanni 22:25). Ka tambayi ma'aikaciya sunan maganin, da cutar da ya ke tsarewa, da abin da za ka yi in jikin yaron ya yi zafi, gama zazzaɓi kaɗan da kumburi a wurin allura su kan faru, su wuce. In yaronka ya taɓa yin mummunan ciwo bayan wata allura, ka faɗa wa likita. Wanda likita ya ce a dakata masa ba shi da laifi, shi ma yana cikin waɗanda rawanin sauran ke tsarewa. A ganinmu kuma ba kowace tilastawa ce ta hikima ba. Sa'ad da gwamnatin Jihar Edo ta sanar a Agusta 2021 cewa ba za a shiga masujada ko masallaci ba sai da katin allura, mun ga ta kai hannu inda bai kamata ba, gama ƙofar ɗakin sujada ba ta gwamna ba ce. Lallashi ya fi daɗewa a zuciya bisa ga barazana. Babban mutum wanda ya auna, ya yi addu'a, lamirinsa bai yarda da wata allura a jikinsa ba, ba za mu kira shi kafiri ba (Romawa 14:4). Amma ya faɗa a fili, ya ɗauki abin da zai biyo baya, ya kuma nemi wata hanyar tsare maƙwabcinsa, gama nawayar ba ta sauka daga kansa ba.

Abin da ba shi da mafaka ko kaɗan cikin Littafi shi ne hanya ta uku, wadda mu ke jin tsoro ta fi sauran yawa a cikinmu. Mutum ba ya so ya karɓa, ba ya kuwa so a san ya ƙi. Sai ya sayi kati da hatimi ba tare da allura ba. Ko uwa ta roƙi mai rigakafi ta shafa wa yaro tawada a yatsa, ta zubar da ɗigon a ƙasa. Wanda ya ƙi a fili, an san gidansa, ana iya komowa a yi masa magana. Mai katin ƙarya kuwa ya sa an rubuta unguwa ta tsaru alhali ba ta tsaru ba. Ya jera kara a bakin soro ya shafe shi da laka, ya yi masa farar ƙasa, har baƙo ya gani ya jingina da shi. Ma'aikaciyar da ta yarda ta shafa tawadar, in mai bi ce, ta karanta Fitowa 20:16, haka kuma malamin asibitin da ya buga hatimin.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Bisa ga Fitowa 21:28-29, mene ne ya raba mai san da ya kuɓuta da wanda aka kama da laifi? Wanne ne a cikinsu ya yi kama da mu?

2. Su wane ne cikin wannan ekklesiya ba su da halin tsare kansu daga ƙyanda? A ambaci irinsu, kada a kira sunan kowa.

3. Maigida ya hana, uwargida kuwa tana so ta kai yaro asibiti. Me za ta yi? Wa ya kamata ya je wurin maigidan, da wace irin magana kuma?

4. Wani ɗan'uwa ya nemi ka haɗa shi da mai sayar da katin shawara domin tafiya ta matsa masa. Yaya za ka amsa masa?

Aikin mako: Kowane maigida ya nemo katin asibitin kowane yaro da ke gidansa, har da marayu da 'ya'yan dangi da a ke riƙo, ya duba da kansa, kada ya bar wa uwargida ita kaɗai. Jariri ya kan karɓi na fari ran haihuwa, sa'an nan a mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan na ƙyanda a wata 9, da na biyunsa a wata 15. Wanda katinsa ya ɓace a gudun hijira, ko ruwan Alau ya cinye shi a Satumba 2024, ya kai yaron asibitin da ya fi kusa ya faɗi haka. Wanda bai iya karatu ba ya kawo katin ran Lahadi, mai jan aji ya duba masa.